Siffofin Namiji Uku

Zuwa ga ɗana Don-me,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da mai ɗakinka da jaririyarku da har yanzu ban gani ba sai a hoto. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwoyin Innarka da suka ƙi jin magani, da kunnena na hagu da ya bi ni muka yi ritaya tare. Saboda kunnen nan ne na ce ka daina wahalar da kanka da waya. Kai kana ihu, ni ina "na'am?", Innarka tana fassara daga ɗaki. Ka riƙa rubutowa, direban motar safe yana kawo mini har ƙofa.

Na karanta wasiƙarka, na ji daɗi ƙwarai. Jiya mai aski ya tambaye ni yadda muke da kai. Na ce kakarka ta wajen uwa da mahaifina uwarsu ɗaya. Ya ce wannan zumunci sai an hau tsani ake hango shi. Na ce masa ni na koya maka riƙe fensir lokacin da uwarka take kawo ka hutu gidan nan, ni kuma na laƙaba maka sunan da ya bi ka, don ba a gama magana a gabanka ba ka ce "don me?" ba. Ga shi yau jami'a ta ɗauke ka aiki kana yin abin da muke yi maka faɗa a kai.

Ka ce nazarinka a kan maza ne, yadda namiji yake ganin kansa idan aikinsa ya tafi, ciyar da gida ya koma hannun matarsa. Da na karanta wa Innarka wurin, ta yi dariya har da riƙe gwiwa. Ta ce in gaya maka ita ta shekara arba'in tana wannan nazarin, ba wanda ya ba ta digiri.

Ka zo wurin da ya dace. Tun da aka rufe masaƙar nan, rabin mazan unguwarmu a kan benci suke wuni. Akwai Heluma, wanda a da shi ne shugaban ma'aikatan sashen rini, yanzu matarsa ce take ɗinki tana riƙe da gidan. Akwai Dogo, direban babbar motar masaƙar. Shi kansa mai askin a kan injin saƙa yake kafin ya sayi almakashi. Duk na koyar da su ko 'ya'yansu, har gobe Hedimasta suke ce mini. In na ce su zo, za su zo. Na share maka gareji, tunda motar ta daɗe da tafiya, na sa teburi da kujeru biyu.

Na ga ka ja layi a ƙarƙashin cewa kada in nuna wa kowa tambayoyin, ka aiko ne don in ga babu abin kunya a ciki. Na gani, na fahimta. Na yi shekaru ina kwana da takardun jarrabawa a akwatina, ba wanda ya taɓa jin ƙamshinsu.

Kawunka

*

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku kai da Inna, Allah ya ba ta sauƙin ƙafa. Muna lafiya, jaririya ta fara zama.

Na gode da gareji da komai. Bari in gaya maka yadda abin yake, don ka san nauyinsa. Aikina a jami'a na gwaji ne. A ƙarshen zangon nan zan tsaya gaban kwamiti in nuna musu abin da na samo. In sun gamsu, za su tabbatar da ni, in ba su gamsu ba, za su gode mini. Farfesar da take duba aikina mace ce mai kirki, amma ba ta sa hannu a kan abin da ba ta yarda da shi ba. Hutun da aka ba ni na wannan tafiya shi ke nan, babu wani.

Abin da nake nema shi ne mutum ya zauna ya yi magana yadda ta zo masa. In ya yi in'ina, ina so. In ya yi shiru, shirun ma ina so. In ya ce bai sani ba, wannan ma amsa ce. Don haka, Kawu, ka ce musu kawai ɗanka zai zo hira. Kada ka ƙara komai a kai.

Sai na iso.

Ɗanka, Don-me

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Na iso gida lafiya. A gaishe mini da Inna, a ce mata na gode da ɗawainiya, ban taɓa cin abinci irin na kwanakin nan ba.

Akwai maganar da na kasa faɗa a gabanka, ina kwana a ɗakinka ina cin abincinka. Na ce bari in dawo in sake sauraron rikodar, ko kunnena ne. Na saurara. Ba kunnena ba ne.

Kawu, me ka yi wa mutanen nan?

Na tambayi Dogo yaya ya ji ranar da aka rufe masaƙa. Ya miƙe tsaye, ya haɗa hannuwa a baya, ya ce, "Namiji nagari yana da siffofi uku. Ta farko haƙuri, ta biyu taimakon iyali ba tare da jin kunya ba, ta uku neman na kai komai ƙanƙantarsa." Na ce to, Dogo mutum ne mai tsari. Mai aski ya shigo, na tambaye shi wa yake sayen abincin gidansa yanzu. Ya ɗaga hannu. Mu biyu ne a garejin, Kawu, ya ɗaga hannu yana jira in ba shi izini. Sannan ya ce namiji nagari yana da siffofi uku. Wani dattijo ya manta ta ukun, gumi ya karyo masa, ya roƙe ni in kashe na'urar ya leƙa waje ya dawo. Ta taga na hango ka a gindin bishiya kana nuna masa yatsu.

Heluma ne ya fi ba ni tausayi. Sau ɗaya ya buɗe baki zai faɗi wani abu daban. Na ga abin ya taso masa har maƙogwaro. Sai ya dubi bangon bayana, ya haɗiye, ya ce, "Ta farko haƙuri." Da ya fita na juya. An goge bangon, amma ba a goge shi sosai ba. Rubutunka ne, na san yadda kake lanƙwasa wutsiyar harafi.

Na kunna wa Farfesa guda uku. A na ukun ta cire tabarau ta tambaye ni ko mutum ɗaya ne yake sauya murya.

Hirar nan duka ba ta da amfani a wurina. Babu ko ɗaya da zan iya kai wa kwamiti. Abin da na ɗauko daga unguwarku muryarka ce a bakin maza sama da goma, kuma hutuna ya ƙare. Na ja layi a ƙarƙashin maganar, Kawu. Kai da kanka ka ce ka ga layin.

Ka yi haƙuri da zafin rubutun.

Ɗanka

*

Don-me,

Muna lafiya. Innarka ta samu wani man shafawa, ta ce yana ɗan yi. Ina fata kuna lafiya.

To, na ji. Yanzu kai ma ka ji.

Ban nuna musu takardarka ba. Tana nan a aljihun tebur inda na sa ta. Abin da na yi, na tara su na ɗan gwada su da baki, in ga inda suka tsaya. Don-me, da ka ji abin da na ji, da kai ma ka nemi alli. Na tambayi Dogo yadda yake ji, ya ce, "Ji kamar yaya?" Mai aski ya yi ta zagin masu masaƙa har da iyayensu. Heluma, mutumin da in ya yi tari a sashen rini kowa yake gyara tsayuwa, ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa, ko kalma ɗaya bai fitar ba. Ka so in bar su su je gaban na'ura haka? A kai muryarsu jami'a, wasu masu tabarau su zauna suna cewa ga yadda mazan unguwar Hedimasta suke? Ni a rayuwata ban taɓa tura ɗalibi jarrabawa ban shirya shi ba. Mun yi ta zama da yamma a garejin nan, na saya musu littattafan rubutu, Dogo da ya rabu da biro tun yana saurayi har aikin gida yake kawo mini. Kuma siffofin nan uku, wace ce ƙarya a cikinsu? Nuna mini.

Ka ce in'ina kake so, shiru kake so. Na ɗauka ladabi ne irin na masu ilimi, kamar baƙo ya ce kada a wahala da girki. Wa yake hawa mota tun safe don ya ɗauki shirun mutane?

Yanzu ga inda ka jefa ni. Tun tafiyarka suke zarya suna tambayar sakamako. Dogo yana so ya san wa ya zo na ɗaya. Da direba ya miƙo mini wasiƙarka a gaban shagon aski, suna nan zaune, suka ce sakamako ya iso, a karanta. Ka san ni, ban iya ɓoye sakamako ba, kuma ban taɓa zaton abin da ke ciki ba. Na buɗe na fara da ƙarfi. Kafin hankalina ya riga bakina na kai wurin da ka ce hirarsu duka ba ta da amfani.

Mai aski ya tsaya da almakashi a sama. Heluma ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Masaƙa ma haka ta ce mana." Ya tafi. Tun ranar in mun haɗu a hanya sai ya tsallaka ɗaya gefen.

Na san hirar kake nufi, ba su ba. Amma mutumin da aka taɓa gaya wa ba a bukatarsa ba ya tsayawa bambance wannan. Ka rubuto musu 'yan kalmomi masu daɗi in karanta musu. Kuma ka gaya wa Farfesar taka mutum sama da goma suna iya yarda da gaskiya ɗaya, ba laifi ba ne.

Kawunka

*

Ɗana,

Ina gaisuwa. Lafiya dai ko? Kullum da safe ina tsayawa a bakin titi, direba ya ɗaga mini hannu wayam ya wuce. Jiya har ya tsaya ya ce, "Hedimasta, ko in rubuto maka da kaina ne?"

In fushi kake, ka yi fushin a takarda in gani. Uwarka ma haka take, in ranta ya ɓaci sai ta ɗinke baki, gida duka ya rasa sukuni. Ban rene ka a kan haka ba. Na buga maka waya, na ji kana magana, ban ji me kake cewa ba, Innarka kuma ta ƙi karɓa, wai ba ta shiga tsakanin malamai biyu.

Shagon aski yanzu in na shiga sai hira ta koma ta ƙwallo. Gashina ya taru, na rasa yadda zan yi. Kalmomin da na roƙa ba su da yawa.

Kawunka

*

Kawu,

Ina gaishe ku. Ka gafarce ni, ba fushi ne ya hana ni rubutu ba. Jaririya ce ta yi zazzaɓi muka yi kwanaki a asibiti. Ta warke, alhamdu lillahi. Uwarta tana aikin jinya a wani ɓangaren asibitin, ni nake zaune da ita, in ta samu sarari ta leƙo.

Amma ba zan ce maka raina bai ɓaci ba. Na rubuta maka wasiƙa, kai kaɗai, ka mai da ita sanarwar taron safe. Yanzu kuma kana so in aiko da kalmomi masu daɗi ka sake tara su ka karanta. Kawu, ka bar tara mutanen nan. Ka ce wa Heluma, shi kaɗai, a inda ba kowa, ina ba shi haƙuri, maganata ce ta fito a karkace.

Ba wanda ya ce siffofinka ƙarya ne. Amma na san su tun kafin in hau mota, kowa ma ya san su. Abin da ba wanda ya sani shi ne abin da ya tsaya wa Heluma a maƙogwaro. Shi na je nema. Littattafai sun cika da abin da ya kamata namiji ya zama. Yadda yake kwana da tashi in abin ya gagara, ba mai tambayarsa, shi ma ba ya faɗa.

Farfesa ta ce in ban kawo sabuwar hira ba kafin kwamiti ya zauna, ba za ta iya tsaya mini ba. Hutu babu. Na fara tunanin barin abin. Yayan mai ɗakina yana da wurin buga takardu, ya ce in zo in riƙa duba masa kurakurai. In hakan ta faru, albashinta ne zai riƙe gidan nan. Ka ga sai in zauna in yi wa kaina tambayoyin, ba sai na hau mota ba. Da na gaya mata haka ban ga ta yi dariya ba, ni ma da na ji abin a bakina ban yi ba.

Ɗanka

*

Ɗana Don-me,

Allah ya ƙara wa jikata lafiya. Kun bar mu a duhu, da mun sani ko addu'a ai mun yi. Ka sumbace mini goshinta.

Maganar wurin buga takardu kuwa, kada in sake jin ta. Ban koya maka riƙe fensir don ka ƙare a farautar waƙafi ba, wannan aikina ne. Zauna ka karanta abin da ya faru.

Na je gidan Heluma da saƙonka, aka ce ba ya nan. Na koma, aka ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a ƙofa. Shekaranjiya da hantsi sai ga shi da kansa, ya zo mayar mini da littafin rubutun da na saya masa. Ya yi sallama a ƙofar gida, ban ji ba, kunnen nan. Sai ya zagayo ta baya.

To, tun da gwiwoyin Innarka suka tsananta, ni nake yi mata wanki. A bayan gida nake yi, inda katanga ta fi tsawo, da hantsi, lokacin da maza suke can shagon aski. Ban ga dalilin da zai sa in yi shela ba. Ina tsugune, hannuna cikin kumfa, ina cuɗa zaninta mai furanni, na ɗago na gan shi tsaye. Ban san lokacin da na tura bahon ƙarƙashin benci da ƙafa ba. Ruwan ya kife mini a wando.

Ya dube ni, ya dubi bahon. Ya ce, "Hedimasta, siffa ta biyu." Na ce me? Ya ce, "Ba tare da jin kunya ba. Kai ka rubuta mana a bango."

Na buɗe baki zan yi masa bayani cewa wannan daban ne. Sai ya janyo bahon da kansa, ya zauna a bencin, ya ɗauki ɗaya bakin zanin ya ce mu matse. Muna matsewa ya fara magana, idonsa a kan zanin. Da ya ɗan tsaya, na ce, "Ai shi ya sa haƙuri ya zo a farko, domin…" Sai muryar Innarka ta fito ta taga: "Malam, don girman Allah ka yi shiru mana!" Wannan kam na ji ta sarai, da kunnen hagun ma.

Na yi shiru. Don-me, ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Bakina yana ƙaiƙayi, amsoshi suna layi a harshena. Na ɗauki abin maƙale shanya na cije. Shirun ya yi tsawo har na ce ya gama, ashe bai ma fara ba.

Ba zan rubuta maka duk abin da ya faɗa ba, ni ya gaya wa. Abu ɗaya ya yarda in isar. Har yau, kullum da sassafe, yana sa kayan aikinsa, ya fita a lokacin da jiniyar masaƙa take kaɗawa a da. Ya taka har gada, ya zauna a ƙarƙashinta, sai rana ta ɗaga ya dawo ta shagon aski. Yana yi ne don ƙananan 'ya'yansa su ga ubansu ya fita. Matarsa ta san inda yake zuwa. Ba ta taɓa cewa komai ba, kuma kullum sai ta ɗaure masa abinci a kwanon da yake tafiya da shi aiki. Ya ce kwanon nan ya fi komai yi masa nauyi, kuma ranar da ta daina ba shi bai san abin da zai yi ba.

Maƙwabcina ne shekara da shekaru. Ina ganinsa yana wucewa da kwanon, ina cewa a raina ga mai siffa ta uku.

Ya karɓi haƙurinka. Ya ce sauran maganar sai ka zo, da sharaɗi biyu. Na ɗaya, kai za ka fara amsa tambayar wa yake ciyar da gidanka, da yadda kake ji, kafin shi ya amsa. Na biyu, kada in kasance a garejin, ko a gindin bishiya, ko inda za a hango yatsuna. A gidana! Na haɗiye na ce to.

Ba ka da hutu, amma kana da Asabar da Lahadi, motar safe kuma ba ta daina tafiya ba. Ka taso.

Kawunka

*

Kawu,

Ina gaishe ku da Inna. Mun wuni lafiya, jaririya ta fara rarrafe, ba abin da ya tsira a ƙasa.

Jiya na tsaya gaban kwamiti. Kafin nan na kai wa Farfesa hirar Heluma, da izininsa, ba sunansa a ciki. Akwai wurin da ya yi shiru mai tsawo, ba ka jin komai sai ƙarar kujera. Na kai hannu zan tura gaba, ta riƙe mini hannu. Ta saurari shirun har ƙarshe. Sannan ta ji ta Dogo, wanda ya ce shi abin da ya fi kewa ba albashin ba ne, yadda yara suke gudowa in sun ji hon ɗin motarsa. Ta ce waɗannan kam mutane daban-daban ne.

Kwamiti sun bar ni a aikina. Sun ba ni shekara in kammala, sun ce hirar ta yi kaɗan, in ƙaro. Wani a cikinsu ya tambaye ni yadda na sa irin waɗannan maza suka buɗe baki. Na ce wani dattijo ne ya yi mini hanya. Ban faɗi cewa shi ya fara toshe ta ba.

Na san makonnin nan sun yi maka tsawo. Ta ƙofar gareji ina hango ka a kantin tsallaken titi, ka juya mana baya kamar yadda aka yi alkawari, amma wuyanka yana ta juyowa. Na gode, Kawu, da gaske.

Saura mutum ɗaya a unguwarku da ban yi hira da shi ba. Ya bar aikin da ya yi duk rayuwarsa, yana wanki a bayan katanga, kuma yana da amsar kowace tambaya in ban da wadda aka yi masa. Ranar Asabar kujerar tasa ce, in ya yarda. Kada ya shirya komai.

Ɗanka, Don-me

*

Ɗana,

Alhamdu lillahi! Na karanta wa Innarka, ita kaɗai, a ɗaki, ƙofa a rufe. Ta yi guɗa har maƙwabta suka aiko tambaya. Heluma na gaya masa a bakin gada, mu biyu. Ya buɗe kwanon ya miƙo mini.

Game da dattijon da kake magana, ban san abin da kake tsammanin samu a wurinsa ba. Mutum ne mai sauƙin fahimta, ba shi da wani abu a maƙogwaro. Amma tunda kwamiti sun ce a ƙaro, ba zai hana ɗansa cikon lissafi ba.

Ban shirya komai ba. Innarka ta ɓoye allin, ta sa Dogo ya shafe bangon gareji da fenti, ko tambayata ba su yi ba. 'Yan kalmomi kawai na rubuta a wata ƙaramar takarda don kada in yi ta kame-kame a gaban na'ura. Na sa ta a ƙarƙashin matashi. Da safe na nema na rasa. Na tambayi Innarka, ta nuna mini murhu, ta ce shayin da na sha da ita aka dafa.

Saboda haka zan zo maka hannu wayam, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara tsayawa gaban mutane. In na yi shiru ranar Asabar, kada ka cika mini shi. Ka kawo jikata in gan ta, kuma ka zo da wuri, ina da wanki.

Kawunka